Waƙar da aka haɗa a kwamfuta, ta halatta a yi sujada da ita?

"Yaya barka da aiki. Ni 'yar kwayar matasa ce a wata majami'a nan Jos, ta wajen Tudun Wada. Na ɗan jima ina rubuta waƙoƙi da Hausa, ban yi makarantar kiɗa ba, solfa kawai na koya a kwaya. Yanzu ina amfani da wayata da laftof ɗin yayana ina haɗa muryoyi da kiɗa. Matsalata biyu ce. In na saurari waƙar a na'ura tana daɗi sosai, amma in na kai wa kwaya sai ta ƙi zama, mutane su yi ta tuntuɓe. Sannan wani dattijo a cocinmu ya ce waƙar da inji ya haɗa babu Ruhu a cikinta, maganar ta tsaya min a rai har na daina rubutu. Ga kuma AI ɗin nan da ƙawayena ke cewa in gwada. Dan Allah laifi ne? Ta ina zan ɓullo wa abin?"

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. In na fahimce ki daidai abu uku kike tambaya: me yasa waƙa take daɗi a laftof amma ta ƙi zama a bakin mutane, ko taɓa na'ura yana rage wa waƙar sujada daraja a gaban Allah, sai kuma ina za a ajiye AI, wato fasahar ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, a cikin wannan lamari. Ni ba da kiɗa nake cin abinci ba, sana'ata daban, amma na daɗe ina rubuta wa kwaya da zumuntar mata waƙoƙi nan cikin Jos, na fara da biro da littafin makaranta, yanzu kuma ga MuseScore, manhajar rubuta notocin waƙa, a kwamfuta ga rikoda a waya, dan haka duka biyun hannuna ya taɓa su. Abinda zan fara gaya miki shine kar ki daina rubutu. Kuma a ganina matsalarki ta farko da maganar dattijon nan jijiyarsu ɗaya, in kin gane dalilin da yasa waƙar take ƙin zama zaki gane abinda kunnensa yake ji har ya faɗi abinda ya faɗa.

Inda muka taso

Wannan gardamar ta girme mu duka. 'Yan mishan na SIM sun shigo ƙasar nan a 1893, na SUM kuma suka sauka Wase a 1904, kuma da yake a Filato kowane gari da yarensa, Berom, Ngas, Afizere, Anaguta, Irigwe, Tarok, Mwaghavul da sauransu, sai Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kai wajen wa'azi da waƙa. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. Waƙoƙin farko da iyayenmu suka rera, yawancinsu muryar Ingila da Amurka ce aka ɗora mata kalmomin Hausa. Solfa ɗin da kika koya ma tare da su ta zo, wata mata Sarah Glover ce ta faro ta a Norwich, John Curwen ya yaɗa ta a ƙarni na 19, kuma an yi ta ne musamman saboda mutane irina da ke, waɗanda ba su je makarantar kiɗa ba amma suna so su yi waƙa a coci. Kinga ita kanta do re mi ɗin fasaha ce ta zamaninta, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro.

Bayan haka an yi lokacin da ganga ba ta shiga majami'a sam, ana ganin kayan tsafi ne. Iyayenmu mata na zumunta suna cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofar da tulunsu da kacau-kacau, yau kuwa wa zai ce waƙar zumuntar mata ba ta da Ruhu? Da jita ta zo an yi magana, da kibod ya zo an yi, lasifika ma haka. Can Turai ma, a Geneva zamanin Calvin sai da aka hana kaɗa ogan a sujada. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da irin tasu, akan mandiri da fiyano a waƙoƙin bege, malamai sun rabu akai, ina da abokai masu rubuta bege da muke zama muna wannan hirar. Na kawo wannan ne ba dan in ce dattijon bai san abinda yake yi ba, a'a, dan ki san cewa tambayar tasa tsohuwa ce kuma mutanen kirki ne suke yin ta, saboda suna tsoron kar sujada ta koma wasa.

Me yasa take ƙin zama a baki

Anan zan daɗe dan nan ne aikin yake.

Babban dalili, wanda na fi gani a waƙoƙin matasanmu, shine ana fara haɗa kiɗa da murya a na'ura, daga baya a zo ana cusa kalmomin Hausa a ciki. Hausa kuwa ba ta yarda da haka. Kowace gaɓa a Hausa ko dai mai nauyi ce ko mara nauyi, wato doguwa ko gajera, kuma akan wannan ne marubuta waƙoƙin Hausa suka gina ma'auninsu tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u har zuwa yau. Ki faɗi Ubangiji a hankali ki saurara: u gajere, ban mai nauyi, gi gajere, ji dogo. Zuciya kuma dogo, gajere, dogo. Salama gajere, dogo, dogo. Alheri duka ukun masu nauyi ne. Toh in kika ɗora gi na Ubangiji akan doguwar nota, kika bar ban a 'yar guntuwa, kwamfuta zata buga miki lafiya lau dan ita ba Hausa take ji ba, amma bakin Bahaushe ko duk wanda ya tashi da Hausa zai yi ta gyara miki ba tare da ya sani ba, zai ja inda harshe ya saba ja, wani ya bi takarda wani ya bi baki, shine tuntuɓen da kike ji.

Kuma abin ya wuce daɗin ji, yana taɓa ma'ana. Ki ɗauki layin nan, Allah ya gafarta mana. In kika ja ya ɗin kika ɗaga shi sama, kina cewa an riga an yi, gafara ta samu, shaida kike bayarwa. In kika yanke shi gajere kika saukar da shi ƙasa, roƙo kike yi. A rubuce iri ɗaya ne, a bakin mai waƙa kuwa notar da kika zaɓa ce zata yanke ko jama'a godiya suke yi ko tuba suke nema. Wannan ba ƙaramin abu bane a waƙar sujada. Hausa ba ta kai Yarbanci ko Igbo tsanani ba wajen cewa dole murya ta bi hawa da saukar kowace kalma, ana samun sassauci, amma tsawon gaɓa da irin waɗannan ƙananan kalmomi, ya da ta da mu da na, ba a wasa da su.

Yadda nake yi shine kalmomi tukuna. In na gama baiti sai in karanta shi da ƙarfi kamar ina yi wa mutum magana, in ɗauka a waya, in saurara. Wani lokaci ina ba wata mama a zumunta ta karanta min, dan Hausarta ba ta gauraya da Turanci ba kamar tamu. Zaki ji maganar da kanta tana hawa tana sauka, tana ja tana yankewa, rabin muryar waƙar yana nan a ciki, ke dai ƙara masa faɗi zaki yi. Sai na iya rera baitin da baki ba tare da komai ba, ina tafiya ina wanke-wanke yana bina, sannan nake buɗe kwamfuta.

Na biyu, na'ura ba ta numfashi. Zata riƙe miki nota har gobe, zata jera layi uku ba hutu, zata haura sama inda ba macen da zata kai. Mutum kuwa huhu gare shi. Duk layin da ke da kanki ba zaki iya rerawa da numfashi ɗaya ba kina tsaye, ki raba shi ko ki rage kalmomi. Wajen tsayi kuma, in waƙar ta jama'a ce duka ba ta kwaya kaɗai ba, ki tsare ta tsakanin C na tsakiya zuwa D na sama, in ta leƙa E ta leƙa sau ɗaya ta dawo. MuseScore yana taimakawa a nan dan in nota ta wuce iyakar muryar da kika zaɓa yana canja mata launi, in ta yi ja kin san kin wuce gona da iri. Amma ki tuna ma'auninsa na mawaƙan da suka samu horo ne, ba na 'yan kwayarmu da suka taso daga kasuwa ko ofis suka zo firaktis da yamma a gajiye ba. Sannan ga sanyin Jos. Sujadar safe a Disamba ko Janairu, hazo ya rufe gari, maƙogwaro a bushe, waƙar da kuka yi a ki na G (ki shine matakin tsayin sautin da ake ɗora waƙa a kai) ranar Alhamis da yamma sofrano ba zasu kai ta ba ranar Lahadi da sassafe. Ki sauke ta zuwa F. Wannan kam alherin na'ura ne, da can sai mai kibod ya sake koyon waƙar a sabon ki, yanzu dannawa ɗaya ne.

Na uku, irin notocin. Yawancin waƙoƙinmu na gida akan nota biyar suke tafiya, do re mi so la. Fa da ti suna nan amma baƙi ne a kunnen tsofaffinmu, in kika cika su a muryar da jama'a zasu bi zaki ji ana lanƙwasa su, fa ta koma mi, ti ta koma do ko la. Ban ce ki guje su ba, amma amshi, wanda kowa zai kama, ki gina shi akan biyar ɗin nan ki ga yadda zai zauna da wuri. Haka tsalle mai nisa, daga do zuwa la na sama a tsakiyar kalma, a allo yana da kyau, a baki wahala ne.

Wajen haɗa muryoyi huɗu akwai wani abu da littattafan Turawa zasu gaya miki, wai in sofrano ta hau gara bes ya sauka, kar muryoyi su riƙa tafiya a jere. Dokar tana da kyau a waƙarsu. A tamu kuwa in sofrano ta ɗaga kalma alto ta saukar da ita, rabin kwaya suna faɗin abu ɗaya rabi suna faɗin wani. Shi yasa in kin saurari zumuntar mata, da ba wanda ya rubuta musu komai, zaki ji murya ta biyu tana bin ta farko a ƙasa kaɗan, su hau tare su sauka tare. Ba rashin sani bane, harshe ne ya koya musu. Mawaƙan coci na kudu sun daɗe da gane wannan, irin su Ikoli Harcourt Whyte, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1977, ya yi yawancin rayuwarsa a zangon kutare na Uzuakoli yana rubuta waƙoƙin Igbo da solfa, kuma har yau ana rera su. Ni a wuraren da ma'ana take da haɗari ina sa muryoyin su tafi tare, a ƙarshen layi inda ake jan wasali sai in sake su kowa ya bi hanyarsa.

Na huɗu, kiɗan. Yawancin bit ɗin da ke zuwa a cikin manhaja 4/4 ne, a miƙe kamar an ja layi da rula. Tafinmu da rawarmu kuwa da yawa 6/8 ne, mai rangaji, kuma mai buga tulu tana ɗan jinkirtawa ko ta ɗan riga, wannan ɗan abin shine yake sa kafaɗa ta motsa. In kika danna kwantayiz ya daidaita komai akan layi, rangajin ya mutu. Gara ki je firaktis ki ajiye waya a ƙasa kusa da masu tulu da ganga, ki ɗauki minti biyu, ki zo ki auna saurin da su suke tafiya a kai, ki sa na'ura ta bi su.

Na ƙarshe shine wanda ba a so a ji. Wani lokaci waƙar ce ba ta nuna ba, kayan ado ne suka rufe ta. Ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, da amon goge a baya da bes mai nauyi a iyafis suna sa komai ya yi daɗi, ko layi biyu ne marasa kan gado. Gwajin da nake yi wa kowace waƙa shine in kashe komai in rera ta da tafi kawai. In ta tsaya da ƙafarta toh waƙa ce. In kuma kina so ki tabbata, ki koya wa yaran Sande Sukul amshin, ki dawo sati mai zuwa, in kika tarar suna yinsa a tsakar coci ba wanda ya sa su, kin samu. Dama a garin nan ko ba komai wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar baiti, waƙar da ba zata iya ci gaba ba in kibod ya mutu akwai sauran aiki a kanta.

Inda na'ura take da amfani sosai

Kar ki ɗauka ina kushe ta, ni kam ta sauƙaƙa min rayuwa. Rikodar waya ita ce ta ɗaya, murya tana zuwa wa mutum a cikin keke ko a layin banki, da can in ba ka rubuta solfa nan take ba ta gudu kenan, yanzu sai ka ɗan rera ta a waya ka ajiye. MuseScore kyauta ne, da layuka biyar yake aiki dan haka zaki ɗan koyi karanta su, ba wuya ga wanda ya san solfa, amfaninsa shine ki ji sofrano, alto, teno da bes tare kafin ki tara mutane ki ɓata musu yamma. Audacity ma kyauta ne, na ɗaukar murya da yankewa. BandLab yana aiki a waya, zaki iya rera murya huɗun da kanki ɗaya bisa ɗaya. FL Studio shine wanda yaran situdiyo suka fi riƙewa, yana da ƙarfi wajen kiɗa amma na kuɗi ne, kuma tunda maganar bangaskiya muke yi bari in faɗa, kirak ɗin, wato kwafin sata, da ake tura wa juna a filash kayan wani ne aka ɗauka ba a biya ba, ban ga yadda za a haɗa waƙar yabon Allah da shi hankali kwance ba alhali ga na kyauta da zasu yi miki aikin.

Abinda ya fi canja kwayarmu shine WhatsApp. Ina rera kowace murya daban, a hankali, da kalmomin a fili, in tura wa kowane rukuni nasa tun farkon sati. Ki lura, da bakina nake rerawa, ba fiyanon kwamfuta nake turawa ba, dan fiyano ba zai nuna musu inda ake jan wasali da inda ake numfashi ba. Ranar firaktis sai a zo haɗawa kawai. In zaki ɗauki murya a gida ki shiga ɗaki mai katifa da labule, ki bari dare ya yi ko da asuba kafin janareto da keke su tashi, ki nisanta bakinki da waya kamar taƙi ɗaya. Kuma ki riƙa ajiye kwafi a wani wuri, sannan ki rubuta a takarda ma da sunanki da kwanan wata, waya tana faɗawa ruwa, laftof na yayanki ne zai iya tafiya da shi.

Otocun kuma, manhajar da take gyara muryar da ta kauce wa nota, wanda ya fito tun 1997, gyara kaɗan ba laifi, amma in aka matsa shi yana goge 'yan lanƙwasar murya da suke sa waƙar Hausa ta zama ta Hausa, kuma yana sa mai waƙa ya daina horar da kunnensa. Ranar Lahadi ba shi zai tsaya a gaban jama'a ba.

Maganar dattijo

Ni ban yarda Ruhu yana cikin katako ko fata ko waya ba. Garayar Dauda ma hannun mutum ne ya sassaƙa ta. Zabura 33 aya 3 ta ce a rera sabuwar waƙa kuma a kaɗa da gwaninta, a 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya mawaƙa 288 da aka horar dan hidimar haikali, wato koyo da kayan aiki da ƙwarewa ba abokan gabar sujada bane. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, ba wanda ya ce tuwon ya haramta, amma injin bai taɓa sanin wa zai ci ba balle ya san mara lafiya ne ko baƙo, wannan sai mai girki.

Amma ki tsaya ki ji shi, dan ina zargin abinda yake nufi ba abinda ya fito bakinsa bane kaɗai. Mutumin da ya shekara hamsin yana waƙa a coci, yanzu ya zo ya tarar kibod yana buga kansa, lasifika ta danne muryar jama'a, matasa shida a gaba suna yi sauran mutane suna kallo, kalmomin ma ba ya jin su dan an karya Hausar, me kike so ya ce? Ba shi da kalmar kwantayiz ko ribab, abinda zai ce shine babu Ruhu. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14 aya 15 zai yi waƙa da ruhu ya kuma yi da fahimta. Waƙar da tsoho ba ya gane kalmominta, ba ya iya bin amshinta, an fitar da shi daga sujada ko da ba a yi niyya ba, kuma wannan kukan gaskiya ne. Shi yasa na ce miki jijiyarsu ɗaya.

Shawarata ki je ki gaishe shi a gida, ba a ƙofar coci ba, ki rusuna ki ce Baba na zo ne ka saurari wata waƙa ka gyara min. Ki rera masa da baki, ba waya. Ki tambaye shi ko kalmomin sun yi daidai da Littafi, ko Hausar ta fita. Irin waɗannan dattawa suna da nassi a ka da Hausa mai kyau da mu muka rasa, kuma wanda aka nemi shawararsa da wuya ya tashi ya yaƙi waƙar a taron dattawa. In ma bai sauko ba kin yi abinda ya kamata.

AI fa?

Anan ina da matsayi kuma zan faɗa a fili. Irin su Suno da Udio, zaki rubuta musu layi biyu su ba ki waƙa cikakkiya da murya da kiɗa cikin minti ɗaya. Wannan daban yake da MuseScore. MuseScore abinda kika sa masa yake maimaita miki, waɗannan kuwa su suke zaɓar muryar, daga tarin waƙoƙin mutane da aka ciyar da su, har manyan kamfanonin waƙa na Amurka suka kai su kotu a 2024 akan haka. Hausarsu ma in kin saurara da kyau, ƙ da k, ɗ da d, dogo da gajere, duk a gauraye suke fitowa, wato matsalar da muka daɗe muna magana a kai ce ta dawo ta wata ƙofa.

Amma ko da gobe sun iya Hausa tsaf, akwai abinda zai rage. Da Arauna ya ce wa Dauda ya ɗauki masussuka da shanu kyauta ya yi hadaya, Dauda ya ƙi, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abinda bai biya komai a kai ba, yana nan a 2 Sama'ila 24 aya 24. Waƙar sujada ta fito ne daga wanda ya zauna da nassi, ya yi addu'a, ya san abinda jama'arsa suke ciki. Mu a Jos mun binne mutane, mun san dokar hana fita, mun san matan da suke zuwa zumunta da baƙin ciki da ba a faɗa. In kika rubuta waƙa akan salama a garin nan, kin san fuskokin da zasu rera ta, kin san kalmar da zata warkar da wadda zata fama ciwo. Wannan sanin shine kuɗin da kike biya, kuma na'ura ba ta da shi.

Ban ce taɓa AI zunubi bane. Ina ganin ba laifi ki tambaye shi ma'anar wani kod, wato notocin da ake bugawa tare, ko ya bayyana miki yadda ake sauya ki, ko ki ji yadda salon wani kiɗa yake. Inda na ja layi shine gaskiya: kar ki tsaya gaban jama'a ki ce Ubangiji ya ba ni wannan waƙar alhali dannawa kika yi ta fito. In kin yi amfani da shi a wani wuri ki faɗa wa shugaban kwaya. Sannan ta fuskar doka ma akwai bambanci, waƙar da kika rubuta da kanki dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, tana kare miki ita duk tsawon ranki da shekara 70 bayan haka, wadda inji ya fitar kuwa sharuɗɗan kamfanin ne suke hukunci a kanta, a Suno na kyautar ma ba a yarda ki sayar ba.

Iyakata

Ni ba fasto bane, abinda na faɗa akan nassi fahimtata ce ta ɗan kwaya, kuma kowace ikilisiya da tsarinta, ECWA da COCIN da Katolika da Baptis da na Fentikos ba ɗaya suke kallon kayan kiɗa ba, dan haka in majami'arku tana da ƙa'ida ki bi ta hannun fastonku. Haka ni ba injiniyan sauti bane, in kin kai matakin fitar da waƙa a rediyo ko intanet, miksin da mastarin, wato daidaita sautuka da gyaran ƙarshe, ki kai wa masu situdiyo, garin nan Allah ya albarkace shi da su, amma ki je da waƙar da ta riga ta zauna a bakin kwaya, kuma ki zauna a wajen lokacin da ake aikin dan kar a mayar miki da 6/8 ɗinki 4/4.

Yanzu ki ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi zama, wadda kika fi so. Ki rufe laftof, ki rubuta kalmomin a takarda da tazara, ki ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi, sannan ki duba solfarki ki ga ko dogayen notocin a kansu suka faɗa. Inda suka saɓa, ko ki matsar da nota ko ki canja kalma, wanda ya fi sauƙi. Ki sauke ki ɗin in ya yi sama, ki rage amshin ya zama layi biyu. Ranar firaktis ki roƙi mai kibod ya ɗan dakata, ku fara da tafi da tulu, sai ta kama sannan ya shigo a hankali. In kin yi ki turo min rikodin ɗin tare da hoton takardar, zan saurara in gaya miki abinda na ji a alto da teno.